Lambobin Kuskure: Yadda Manhajar Zane Ke Cewa A'a

Gabatarwa

Duk wanda ya san gabashin Jihar Sakkwato ya san cewa ruwa shi ne arzikin ƙasar Gobir, shi ne kuma abin fargabarta idan damina ta kankama. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga wajen Katsina da Zamfara zuwa ƙasar Isa. Gulbin Maraɗi kuwa yakan baro Jamhuriyar Nijar ya shigo ta ɓangaren Sabon Birni. Dukkansu a Gulbin Rima suke tarewa, shi kuma ya bi ta Goronyo ya nufi Sakkwato. Da rani yashi ne shimfiɗe, yara na wasa a kai. A watan Agusta kuwa, wurin da jaki ya ratsa jiya sai da kwalekwale yau. Ambaliyar watan Satumba na 2010 ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima, har ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A ƙasa irin wannan, gada da kwalbati da magudanar ruwa su ne ke raba manomi da asara, su ne ke sada mai haƙuri da asibiti. Kowannensu kuwa sai an zana shi kafin a kwaɓa siminti, kuma a wannan zamani a kan kwamfuta ake yin zanen. Wannan maƙala za ta duba wani ɗan ƙaramin abu da ke cikin wannan aiki, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, amma ingancin zanen ya rataya a kansa. Wannan abu shi ne lambar kuskure, wato amsar da manhajar zane ke bayarwa idan an umarce ta da abin da ba za ta iya yi ba.

Zauren Manhaja

Manhajar zane ita ce tsarin umarnin da ke mayar da kwamfuta ta zama allon zane na injiniya. Wadda ta fi shahara a ofisoshin injiniyoyi ita ce AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a shekarar 1982. Da ita ake jan layi, a zana da'ira, a auna tsawo da faɗi, a fitar da fasalin gini ko na hanya ba tare da fensir da rula ba.

Sai dai akwai ayyukan da suka fi ƙarfin hannu. Alal misali, safiyo zai iya dawowa daga daji da awon tudu da kwari na wurare dubu biyu. Idan aka ce mutum ya zauna ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, zai kwana yana yi, kuma ba zai rasa yin tuntuɓe ba. Saboda haka injiniyoyi kan rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja tasu, wadda za ta riƙa aika wa babbar manhajar umarni: sa ɗigo a nan, haɗa waɗannan da layi, auna faɗin wancan fili. Hanyar da ƙaramar ke bi ta yi magana da babbar ita ce masana ke taƙaita sunanta da haruffa uku, API.

Ana iya fahimtar wannan hanya idan aka dubi zauren gidan Bahaushe. Baƙo ba ya kutsa kai cikin gida. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, a aiki yaro ya shiga da saƙo. Baƙon bai san yadda aka jera ɗakunan gidan ba, ba kuma ruwansa da sani. Abin da ke gabansa shi ne ya faɗi saƙonsa bisa ladabin da aka saba, sannan ya saurari amsar da yaro zai fito da ita. Amsoshin kuwa sanannu ne: yana zuwa, ba ya nan, yana salla a dakata, ko kuma ba a nan gidan yake ba. Kowace amsa da matakin da ya dace da ita. Wanda aka ce wa a dakata zai gyara zama. Wanda aka ce wa ba gidan ba ne, ko ya kwana a zaure ba zai ga kowa ba. To, haka zauren manhaja yake. Ƙaramar manhaja ita ce baƙo, babbar ita ce mai gida, lambar kuskure kuwa ita ce amsar da ɗan aike ya fito da ita.

Me Ya Sa Aka Zaɓi Lamba?

Mai karatu ya riga ya san irin waɗannan lambobi ko da bai lura ba. A kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, idan aka sa kati a na'urar cirar kuɗi ta POS, takardar da ke fitowa takan zo da lamba. Idan 00 ce, ciniki ya faɗa. Lamba 51 na nufin kuɗin da ke cikin asusu bai kai ba, 55 na nufin an buga lambar sirri ba daidai ba, 91 kuwa na nufin ba a samu bankin mai katin ba. Mai na'urar da ya ƙware, da ganin lamba ya san ko a sake gwadawa, ko a haƙura.

Dalilin amfani da lamba shi ne, kwamfuta ba ta jin magana irin ta mutane, amma tana da saurin kwatanta lambobi. Abu ne mai sauƙi a rubuta mata cewa idan amsa sifili ce ta ci gaba, idan ba sifili ba ce ta tsaya. Bugu da ƙari, lamba ba ta da ƙabila. Injiniyan da ke aiki da Turanci a Sakkwato da takwaransa mai aiki da Faransanci a Maraɗi, saƙon da za su gani a fuskar kwamfuta zai bambanta, amma lambar da ke ƙarƙashinsa guda ce. Har ila yau, lamba tana dawwama. Kamfani na iya sake jimlar da ke bayanin kuskure sau goma, amma idan ya sauya lambar, dubban ƙananan manhajojin da suka dogara da ita za su rikice. Don haka akan ɗauki jerin lambobin kuskure a matsayin alkawari tsakanin mai manhaja da masu amfani da zaurenta.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, ta ware sifili ga nasara. Hikimar ita ce, hanyar dacewa guda ɗaya ce, hanyoyin kasawa kuwa ba su ƙirguwa. Sifili ɗaya ya isa ya ce komai lafiya, sauran lambobi kuma a raba wa matsaloli, kowace da tata.

Lambobin AutoCAD

AutoCAD ta buɗe zaurenta a matakai. A shekarar 1986 aka sa mata harshen AutoLISP, wanda ya ba kowane mai zane damar rubuta ƙananan umarni. A 1990 aka ƙara wata hanya mai suna ADS don masu rubutu da harshen C. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1990, aka kawo ARX, wadda ta zama ObjectARX. Kowace da irin yadda take ba da amsa.

A tsarin ADS, amsar nasara ita ce 5100, kuma an raɗa mata suna RTNORM. Amsoshin matsala kuwa lambobi ne na ƙasa da sifili. Lamba -5001, mai suna RTERROR, na nufin aikin ya gaza. Lamba -5002, wato RTCAN, na nufin mutumin da ke gaban kwamfuta ne ya fasa da kansa. Lamba -5003, wato RTREJ, na nufin an ƙi karɓar buƙatar domin ba ta bi ƙa'ida ba. A nan akwai darasi guda. Wanda ya saba da cewa sifili ne nasara, idan ya shigo wannan zaure bai karanta dokarsa ba, zai ɗauki 5100 a matsayin kuskure. Kowane gida da irin sallamarsa.

A tsarin ObjectARX an koma ga sifili, kuma sunansa eOk. Lamba 3 ita ce eInvalidInput, wato abin da aka miƙo bai dace ba. Lamba 6 ita ce eOutOfMemory, wato ma'ajiyar kwamfuta ta cika. Akwai kuma wasu masu ban sha'awa. Duk layi ko da'irar da ke cikin zane, sai an buɗe shi kafin a duba ko a gyara, kamar yadda ake ɗauko fayil daga kabad. Masu dubawa da yawa na iya buɗe abu guda a lokaci ɗaya, amma mai gyara ɗaya tak aka yarje wa. Idan wani ya zo gyara alhali wani na kai, amsar ita ce eWasOpenForWrite. Idan abin da ake nema an riga an goge shi, sai a ce eWasErased. Idan kuma yana kan shimfiɗar zane da aka kulle don kada a taɓa, amsar ita ce eOnLockedLayer. Mai karatu zai ga cewa waɗannan su ne amsoshin zaure da aka ambata a baya: yana da baƙo a dakata, ya tashi daga gidan, an hana shiga.

Misali mafi nuna amfanin lamba yana cikin AutoLISP. Akwai umarnin da ke cewa mai zane ya nuna abu guda a fuskar kwamfuta. Idan ya yi nuni ya kuskure, ya taɓa fili, amsar da ke dawowa ita ce babu. Idan kuma ya danna maɓallin shigarwa don nuna cewa ya gama zaɓe, amsar dai babu ce. Abu biyu mabambanta, amsa ɗaya. Don warware wannan, AutoCAD tana da wata 'yar ma'ajiya mai suna ERRNO inda take ajiye dalili. Idan aka duba aka ga 7, hannu ne ya kuskure, sai a ce masa ya sake. Idan aka ga 52, da gangan ya bari, sai a wuce gaba. Manhajar da ba ta duba wannan ma'ajiya, ko dai ta riƙa korar mutum don hannunsa ya goce, ko ta tsare shi da tambaya bayan ya gama.

Misalin Kwalbati

Don a ga abin a aikace, a ƙaddara ana son gina kwalbati a kan wani rafi da ke ratsa hanya tsakanin Isa da Sabon Birni. Tambayar farko ita ce, wane yawan ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa? Amsar ta dogara ga faɗin ƙasar da ke zubo ruwanta cikin rafin. Lissafin ba shi da wuya. Idan aka yi ruwan sama na milimita 50 a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya, ruwan da ya sauka ya kai lita miliyan 50. Wani ƙasa za ta shanye, saura kuwa dole ya nemi hanya. Idan filin ya ninka, ruwan ma ya ninka.

Ƙaramar manhajar injiniya za ta yi aiki huɗu a jere. Za ta buɗe fayil ɗin awon safiyo, ta sa ɗigogin a kan zane, ta ja layin da ya kewaye ƙasar da ke zubo ruwa, sannan ta nemi a auna faɗinta. A kowane mataki babbar manhaja na mayar da lamba. To, a ce a mataki na biyu, cikin ɗigo dubu biyu, ɗari uku sun zo da harafi a inda ya kamata a ga adadi, saboda haka aka ƙi su. Sau ɗari uku ɗan aike ya fito ya ce ba a karɓa ba. Idan wanda ya rubuta manhajar bai sa ta ta saurari amsa ba, za ta wuce abinta, ta ja layi da ɗigogin da suka rage, ta fitar da adadi mai kyan gani. Zanen zai fito tsaf, a buga masa hatimi. Amma wani tudu guda da ke zubo ruwa ya ɓace daga lissafi, kwalbatin ya zama ƙarami. Ba za a gane ba sai daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yanke, motocin hatsi suka yi cirko-cirko a gaɓa.

Abin lura a nan shi ne, babbar manhajar ta sauke nauyin da ke kanta, domin ta faɗa. Laifin na wanda ya aika ne bai tsaya jin amsa ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Haƙƙoƙi Huɗu na Mai Rubuta Manhaja

Na farko, ya duba amsa bayan kowane umarni, komai ƙanƙantarsa. Wannan yakan tsawaita rubutu, shi ya sa masu gaggawa ke tsallake shi. Don rage wannan sakaci, wasu sababbin harsuna sun zo da dabarar da ke dakatar da aiki da kanta da zarar an sami kuskure, har sai an tanadi wanda zai tare shi. Duk da haka, lambar tana nan cikin saƙon, kuma da ita ake gane abin da ya faru.

Na biyu, ya bambanta matsala mai wucewa da mai zama. A yau manhajojin zane da dama suna iya ajiye fayil a manyan kwamfutoci na nesa, ana isa gare su ta intanet, kuma a can ma da lamba ake amsawa. Lamba 200 nasara ce. Lamba 401 na nufin ba a tantance mai tambaya ba, 403 an san shi amma ba shi da izini, 404 ba a ga abin da yake nema ba. Lamba 429 na nufin ya cika aike, ya sassauta, 503 kuwa na nufin mai gida ba ya iya saurare a yanzu. Biyun ƙarshe, haƙuri da sake gwadawa ne maganinsu. Amma wanda ya sami 403, ko ya aika sau dubu amsar ba za ta sake ba. Akwai kuma lokacin da ɗan aike ba ya dawowa sam. Mutanen Isa da Sabon Birni sun ga irin wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar saboda matsalar tsaro. Manhaja mai hankali takan ɗiba wa kanta wa'adi. Idan ya cika ba amsa, sai ta ɗauki shirun a matsayin kuskure, ta adana aikinta. Kurum ma magana ce.

Na uku, idan zai tsaya, ya tsaya da tsabta. Zanen da aka gyara rabi aka bar rabi ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari, domin ba a san inda gyara ya ƙare ba. Saboda haka akan ɗaure umarni da yawa a ƙunshi guda. Idan duk sun yi nasara a tabbatar da su, idan ɗaya ya gaza a mayar da zanen yadda yake tun farko. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na huɗu, ya fassara lambar ga ɗan Adam. Lamba don na'ura aka yi ta. Mai zane kuwa yana buƙatar a gaya masa abin da ya faru, da inda ya faru, da abin da zai yi. Saƙon da ya ce kuskure na 3 kawai bai taimaki kowa ba. Wanda ya ce an ƙi ɗigo na 412 domin babu awon tudunsa, a duba fayil, ya rage wa injiniya aikin yini guda.

Darasi Daga Sararin Samaniya

Tarihin kimiyya ya adana labarai biyu da ke nuna ƙarshen sauraron lamba da ƙarshen rashin fahimtarta. Ranar 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 na gangarawa duniyar wata ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sai kwamfutarsa ta nuna 1202, can kuma 1201. Ma'anarsu ita ce aiki ya yi wa kwamfutar yawa. Amma ayarin da ya rubuta manhajar, wanda Margaret Hamilton ke cikin jagororinsa, ya tsara ta yadda za ta zubar da ƙananan ayyuka ta riƙe manya. A cibiyar kula da tafiyar da ke Amurka kuwa, wani matashin injiniya, Jack Garman, yana da jerin lambobin da ya rubuta da hannunsa tun kafin tafiya, da abin da ya kamata a yi game da kowace. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya shaida wa Steve Bales cewa a ci gaba, kumbo ya sauka lafiya. Kwamfuta ta faɗi gaskiya, aka kuma sami wanda ya san fassarar.

Na biyu ya faru ranar 4 ga Yuni, 1996, lokacin gwajin farko na rokar Ariane 5 ta ƙasashen Turai. Na'urar da ke auna tafiyar rokar ta yi ƙoƙarin cusa wani babban adadi a ma'ajiyar da ba ta ɗaukar fiye da 32,767. Da abin ya gagara, sai ta tsaya ta aika da bayanin kuskure. Babbar kwamfutar rokar ba ta gane cewa kuka ake yi mata ba, sai ta ɗauki saƙon a matsayin awon tafiya, ta karkata rokar da ƙarfi. Kimanin daƙiƙa 40 da tashi, rokar ta tarwatse tare da taurarin ɗan Adam huɗu da take ɗauke da su. Wannan shi ne irin abin da ke faruwa a zane idan aka ɗauki -5001 a matsayin tsawon bango.

Kuskuren Da Ba Shi Da Lamba

Akwai iyaka ga abin da lambar kuskure ke iya yi, kuma ƙasar Gobir ta ba da misali mai kyau. Masu taswira sun yanka duniya gida 60 daga yamma zuwa gabas, kowane yanki da faɗin digiri 6, a tsarin da ake kira UTM. A cikin kowane yanki ana bayyana wuri da mitoci. Iyakar yanki na 31 da na 32 ita ce layin digiri 6 na gabas, kuma wannan layi ya ratsa gabashin Jihar Sakkwato. Birnin Sakkwato na yamma da shi, a yanki na 31. Isa da Sabon Birni na gabas da shi, a yanki na 32. Ke nan duk hanyar da ta tashi daga babban birnin jiha zuwa waɗannan garuruwa sai ta ƙetare wannan iyaka da ido ba ya gani.

Idan safiyo ya yi awo a Sabon Birni bisa yanki na 32, mai zane a Sakkwato kuma ya shigar da shi bisa yanki na 31, kwamfuta za ta karɓa, domin adadin ba shi da aibi a idonta. Amma wurin zai gusa digiri 6 zuwa yamma, kimanin kilomita 650, ya wuce Yamai ya faɗa ƙasar Burkina Faso. Amsar kowane umarni kuwa eOk ce. Wannan kuskure yana da sauƙin ganewa saboda girmansa. Wanda ya fi shi sharri shi ne ƙarami. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an kafa su a kan ma'aunin da aka tsayar a Minna, na'urorin GPS kuwa suna aiki da ma'aunin duniya na WGS 84. Bambancin da ke tsakaninsu na iya kaiwa mita 80 ko fiye. A fadama, mita 80 sun isa su ɗauke ginshiƙin gada daga tudu su dasa shi cikin gulbi, ko su shigar da gonar wani cikin ta maƙwabcinsa. Haka nan idan aka ɗauki awon ƙafa na tsohuwar taswira a matsayin mita, tudu zai ninka fiye da sau uku. Kazalika, idan layin da ya kewaye fili bai rufe ba, AutoCAD takan auna faɗin kamar an ja miƙaƙƙen layi daga farkonsa zuwa ƙarshensa, ta ba da adadi ba tare da gargaɗi ba.

Manyan ƙasashe ma sun sha wannan ɗaci. Ranar 23 ga Agusta, 1991, gindin kankare na dandalin haƙar iskar gas mai suna Sleipner A ya tsage ya nutse a tekun Nowe lokacin gwaji. Bincike ya nuna cewa lissafin da aka yi da kwamfuta ya rage ƙarfin matsin da ke kan wani bango da kusan kashi 47 cikin ɗari, saboda yadda aka tsara samfurin ginin a cikinta. Manhajar ta yi lissafin da aka ba ta, ba ta kuma ga abin ƙorafi ba.

Ma'anar eOk ita ce, an yi abin da ka ce. Ko abin da ka ce daidai ne, wannan kuma hukuncin injiniya ne. Shi ya sa ƙwararru ke gwada sakamakon kwamfuta da lissafin hannu, su ɗora zane a kan hoton tauraron ɗan Adam, su kuma tambayi dattawan ƙauye inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi kowace ambaliya. A 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya sa komawa daji don sake awo ya zama abu mai haɗari a wannan yanki, darajar awon da aka samu ta ƙaru, haka ma nauyin kula da shi.

Gwaji a Cikin Aji

Malami na iya koyar da wannan darasi ko babu kwamfuta a makaranta. A zaɓi ɗalibai uku. Ɗaya ya zama mai zane a allo, ɗaya ɗan aike, ɗaya kuma mai ba da umarni wanda zai juya wa allo baya. A amince da lambobi huɗu: 0 an yi, 1 ban gane ba, 2 babu abin da ake nufi, 3 an hana. Mai umarni ya sa a zana gida mataki mataki. A zagayen farko a hana shi jin amsa, a na biyu a bar shi ya ji, sannan aji ya kwatanta zanen biyu. A ƙarshe malami ya ba da umarnin da ke bisa ƙa'ida amma ba shi da ma'ana, kamar a sa ƙofa a kan rufi, don ɗalibai su ga yadda ake samun 0 a kan shirme. Wanda ke da na'urar lissafi kuma ya raba kowane adadi da sifili, ya ga yadda take ƙin ba da amsar ƙarya.

Kammalawa

A taƙaice, lambar kuskure ita ce harshen da manhajar zane ke faɗin gaskiya da shi ga wadda ta aike ta. Amfaninta ya dogara ga abu uku: a saurare ta, a san fassararta, a kuma san inda ikonta ya tsaya. Daga cikin ɗaliban da ke karatu yau a Isa da Sabon Birni da sauran garuruwan Gobir za a sami injiniyoyin da za su zana gadojin Rima na gobe. Ɗabi'ar da za ta fi yi musu amfani ana iya fara koyonta tun daga aji: idan aka yi aike a tsaya a ji amsa, idan amsar ta yi daɗi kuma a sake auna ta da hankali. Magabata sun ce tun ran gini ran zane, kuma gyaran da aka yi a kan allo ya fi wanda za a yi a bakin gulbi araha.